Almakashin Mama Sabuwa

Duk Bahaushen da ya yi karatu a Alƙahira cikin shekarun nan, in ka ambata masa Hadayik al-Ma'adi, ba tashar metro zai tuna ba, tuwon Mama Sabuwa zai tuna. Ana sauka daga jirgi, a ratsa kasuwa, a wuce mai burodi da mai kaji, a hau bene. Ranar Juma'a ba a tambayar lambar gida, domin ƙamshin daddawa ke tarar mutum tun daga matakala. Bawwabin gidan ma, wato mai gadin ƙofa, da farko toshe hanci yake yi, daga baya ya koma miƙo kwano.

Ni sunana Khairat, kuma shaƙƙar da muke haya, wato sashenmu a benen, tana saman tata. Bin miji na zo yi. Shi yana fama da karatunsa a Azhar, ni ina fama da yara, abin da ya rage na lokacina kuma a kicin ɗin Mama Sabuwa nake ƙarar da shi. Don haka abin da zan faɗa ba ji na yi ba, gani na yi. In na yi son kai a ciki to na yi, domin matar nan ina sonta, ban kuma ga dalilin ɓoyewa ba.

'Yar Funtuwa ce. Ta zo Masar da ƙuruciyarta tare da mijinta, Malam Ɗantsoho, wanda ya zo karatun 'yan shekaru ya zarce har ƙarshen rayuwarsa. Shi ya fara kwaso ɗalibai daga masallaci ranar Juma'a, yana cewa yaron da ya daɗe yana cin wake da ƙosan Misirawa ba zai gane nahawu ba sai an ba shi tuwo. Ita kuma ta gano shinkafar Masar, gajeriyar nan mai danƙo, kamar don tuwo aka halicce ta, mulukiyyarsu lalonmu ne, bamiyarsu kuma kuɓewa. Kuka da daddawa kuwa, duk wanda zai dawo daga hutu ya san ba a shigo mata hannu rabbana. Sauran ranakun mako tana dafa wa masu suna da walima da matan ofishin jakadanci, da haka take riƙe kanta. Ta Juma'a sadaka ce. Da Malam ya rasu aka binne shi a nan, mutane suka ɗauka za ta tattara ta koma gida. Juma'ar da ta biyo bayan fitarta takaba ta ɗora tukunya, daga nan kowa ya kama bakinsa.

Wanda bai taɓa ganin Bahaushiya tana yanka ba, ba zai gane abin da ya same ta daga baya ba. Mu ba mu san katako ba, a hannu muke yi. Hannun hagu ya damƙe ganye ya matse shi tam, na dama ya bi bakinsa da wuƙa, yankakke yana zuba cikin kwano. Albasa a tafin hannu ake tsattsaga ta, kuɓewa a tsakanin yatsu, kaza kuwa a ja cinya da hagu, wuƙa ta nemi gaɓa. Mama Sabuwa tana yin duk wannan tana kallon fuskarka, tana ba ka labarin wani biki da aka yi a Funtuwa tun ba a haife ka ba. Hannun hagu ke wahalar, na dama ke karɓar yabo.

To, na hagun ne ya tafi. Wata safiya tana tankaɗe hawan jini ya kayar da ita. Allah ya taƙaita abin: baki ya dawo, ƙafa ta dawo, sai hannun ne ya dawo rabi. Yana ɗaguwa, yana iya tare kwano kada ya gudu, amma ba ya damƙa. Ko ganyen lalo ɗaya ka sa mata a ciki, sai ya zame ya faɗi.

Kowa ya kawo dabararsa. Ni na sayo katakon yanka. Ta ɗora albasa, ta kawo wuƙa, albasa ta mirgina ta shige ƙarƙashin firji, ta ce in ɗauke katakona, ita ba ta tsufa don ta riƙa farautar albasa ba. Wata ta kawo bilenda, ta mayar da kuɓewa kamar koko. Wani ya sayo mulukiyyar leda, yankakkiya mai ƙanƙara, ta ɗanɗana miyar ta ce a kai wa bawwabi. A ƙarshe ɗalibai mata suka riƙa zuwa da sassafe suna yanka mata, ita tana zaune a kujera tana nuni da baki. Kowa ya ce an samu mafita. Ni da nake ganinta kullum na san ba a samu ba. Matar da ba ta iya zama ko na shan shayi, ga ta an ajiye ta a lungun kicin ɗinta kamar baƙuwa, 'yan mata suna yi mata sannu. Ta rage magana, ta rage ci, labaran Funtuwa ma suka ƙafe.

Ana cikin haka Ja'afar ya bugo waya. Shi ne ɗanta na fari, yana sayar da kayan gini a Kaduna, kuma da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai ta ce mutumin Kaduna. Ya ce ya gina mata ɗaki a gidansa, da banɗakinsa a ciki, da yarinyar da za ta riƙa yi mata komai, kuma in ya samu sarari zai zo da kansa ya tafi da ita. Kada wani ya ɗauka mugun ɗa ne. Ɗa ne na kirki, irin wanda in ya ga ƙofa tana ƙara a gidan mutane sai ya nemi mai ya ɗiga mata. Amma ita ta san abin da ɗakin nan yake nufi. Za a zaunar da ita a riƙa kawo mata abinci a rufe, kabarin Malam ya zama ba mai zuwa, tukunyar Juma'a kuma ta mutu. Ba ta yi masa gardama ba, don uwa ba ta ja-in-ja da ɗan fari, balle a waya. To kawai ta ce. Da ta ajiye wayar ta dube ni ta ce, "In ya zo ya tarar ana yanka mini, ba ni da bakin magana."

Wadda ta kawo maganar almakashi ita ce Awadiyya, maƙwabciyarta ta ƙofa da ƙofa. Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun kama hanyar Makka a ƙasa suka tsaya a can, ita kuma yaƙi ya koro ta Alƙahira. Hausarta rabi Larabci ne, amma bakinta ba ya hutawa. Tana aiki a gidan wasu 'yan Japan a Ma'adi, kuma ta ce uwar ɗakinta da wuya ta taɓa wuƙa: kaza, kifi, ganye, komai da almakashi take yi, da hannu ɗaya, wani lokaci a cikin tukunyar ma.

Mama Sabuwa ta yi dariyar da ta daɗe ba ta yi ba. Ta ce almakashi na tela ne da mai aski, ita ba za ta ɗinka wa mutane miya ba. Washegari da yamma Awadiyya ta shigo da na uwar ɗakinta a jaka, aro. Ta zuba kuɓewa a kwano, ta ɓoye hannunta na hagu a bayanta, ta shiga yanka a cikin kwanon, ƙyas-ƙyas, tana ba ni wani labarin da bai shafi kowa ba. Mama tana kallo ta wutsiyar ido. Can ta ce a miƙo mata ta ga nauyinsa. Ba ta mayar da shi ba sai da kuɓewar ta ƙare.

Kantin da muka je a Ma'adi yake, inda mutanen Asiya ke sayen taliyarsu da miyar kwalba da tukwane. Mai kantin, Ustaz Bakri, ya ɗauka tsohuwa ce mai sauƙin sallama. Ya jera mata kala-kala a kan tebur. Na farko mai mariƙin roba ja, ta ce roba tsagewa take yi, ruwa ya kwanta a ƙarƙashinta. Na biyu ƙato ne mai sifirin da makulli, ya ce na kaji ne musamman. Ta ɗaga ta ajiye, ta ce wannan sai ƙato, kuma makullin nasa hannu biyu yake so. Na uku ƙarfe ne zalla tun daga baki har mariƙi, ba ado, yatsunta suka shige zoben suka zauna daram. Ta buɗe ta rufe a iska don ta ji tafiyarsa, sai Ustaz Bakri ya yi wuf ya dafe hannunta. Misirawa sun yi imani cewa kaɗa almakashi ba komai a bakinsa yana jawo faɗa a gida.

Ta ce to ai shi ke nan, a ba shi abin ci. Ta buɗe jakarta ta fito da leda, a ciki akwai fatar kaza da fiffike da 'yan kuɓewa. Mutumin ya dube ni kamar in cece shi, na kau da kai. Ta gwada su duka a kan teburinsa. A bakin sauran fatar sai ta zame ta lanƙwashe. Na ƙarfen kuwa bakinsa ɗaya yana da wasu ƙananan haƙora da ido ba ya saurin gani, su ke kama fatar, ɗaya bakin ya yanke ta tas. Can kusa da mahaɗarsa akwai wani ɗan gurbi, ta sa ƙashin fiffike a ciki ta matsa, ya ce ƙaras.

Duk da haka ba ta gamsu ba. Ta kawo shi kusa da ido tana duban mahaɗar, ta sa Awadiyya ta tambaye shi, jinin kaza in ya shige tsakanin nan wa zai fitar da shi. Ita mace ce mai tsantseni a kan tsarki, ba za ta yanka kaza yau, gobe ta yanka lalo da jinin jiya ba. Ustaz Bakri ya karɓa, ya buɗe shi har ƙarshe, ya ɗaga, sai ga shi ya rabu biyu a hannunsa. Ya ce a wanke kowane ɓangare daban, a shanya, a mayar. Na ga fuskarta a lokacin, kuma na san ko nawa ya ce za ta saya. Ta dai yi ciniki don kada a ce ba ta yi ba.

Kada a ɗauka daga ranar komai ya daidaita. Yatsunta sun yi kanta, wuyan hannunta ya yi tsami. Haɗa shi ma da hannu ɗaya sai da ta yi ta fama, har ta gano ta kwantar da ɓangare ɗaya a bakin tebur, ta danne shi da raunannen hannun, ta zura ɗayan. Akwai kuma abin da ya gagara. Babbar albasa ba ta shiga bakinsa, sai ta koma mai lawashi, in kuma dole ne ta yafe wa bilenda. Ƙashin shanu mahauci ke sara mata tun a kasuwa. Amma kaza sai ta kifa ta a faranti, ta bi gefen ƙashin baya sama da ƙasa ta cire shi, ta nemi gaɓoɓi da ɗan gurbin nan, kafin ka gama gaishe ta an gama. Lalo a cikin kwando take yanka shi, attarugu kai tsaye cikin tukunya, ba ya ma taɓa yatsa. Ta sallami 'yan matan da godiya, ta ce su dawo a matsayin masu ci.

Ta kafa masa dokoki kamar sabon ɗan haya. Ba ya taɓa ƙyalle, ba ya taɓa takarda, ba ya taɓa zare. In an gama a raba shi, a wanke, a jingina ɓangarorin a kwandon kwanuka kusa da taga su bushe. Ranar da Sagiru, wani Bakano mai karanta fiƙihu, ya leƙo kicin ya gan ta tana yanka ganye da almakashi, ya tsaya yana shafa gemu, ya ce shi dai bai taɓa cin karo da wannan a littafi ba. Ta ce ya je ya nemo nassin da ya hana, kafin ya dawo tuwonsa ya huce. Bai je ba. Ya ci ya nemi ƙari, kuma daga ranar ɗalibai suka sa wa miyarta suna miyar tela. Labaran Funtuwa suka dawo, har da waɗanda muka gaji da ji.

Ja'afar ya iso tsakiyar mako da manyan akwatuna biyu, ba komai a ciki sai 'yar tsaraba. Kowa ya san abin da aka kawo su ɗauka. Ta karɓe shi irin karɓar ɗan fari, fuska a gefe, tambayar yara da hanya, sannan ta ce in zuba masa abinci. Ya ci miyar kuɓewa da kaza ya yi mini godiya, wai Allah ya saka mini da ɗawainiyar da nake yi da Inna. Na buɗe baki zan ce ko cokali ban taɓa ba, ta harare ni. Da muka keɓe na ce ta gaya masa mana. Ta ce ba za ta zauna tana yi wa ɗan cikinta tallan kanta ba, Juma'a na nan zuwa, ya gani da idonsa.

Ranar Alhamis da safe na raka ta kasuwa sayen kajin Juma'a. Shi muka bar shi a gida yana zagaye ɗakuna, yana auna abin da zai shiga akwati da wanda za a bayar. A kicin ya ga almakashin a rabe gida biyu, a jingine a kwando. Daga baya ya gaya mini sai da idonsa ya kawo ruwa, wai uwarsa ta kai matsayin da take adana karyayyen almakashi. Ya sa su a aljihu ya sauka bakin layi wurin wani mai yanka makulli da wasa wuƙaƙe. Mutumin ya zura ƙusa a mahaɗar ya buge kanta da guduma ta mutu. Ya ga haƙoran nan ya ɗauka giɓi ne, ya kai su kan dutse ya goge su sumul.

Muna zaune da Awadiyya muna tsinkar lalo Ja'afar ya shigo fuskarsa fal fara'a. Ya fito da shi yana kaɗawa a iska don a ga ya gyaru. Awadiyya ta ɗora hannu a ka, ta ce a daina, ga faɗa nan tafe. Mama ta miƙa hannu ta karɓa. Ta buɗe shi har ƙarshe ta ɗaga, bai rabu ba. Ta shafa bakinsa da babban yatsa. Ta jawo kaza ta kama fatar wuya, fatar ta zame ta lanƙwashe. Ni dai raina ya ɓaci ƙwarai, da ɗana ne da ya ji abin da bai taɓa ji ba. Ita ajiye shi kawai ta yi a hankali.

"Wa ya ce maka ya karye?"

"Na gan shi biyu ne, Inna."

"Biyu aka ƙera shi."

Awadiyya ta buga wa Ustaz Bakri waya, ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ya rufe kanti ya tafi garinsu, sai Asabar. 'Yan Japan ɗin da take wa aiki ma sun yi tafiya da makullinsu, balle a yi aro. Na ce ba komai, ni zan yanka, ko in kira 'yan matan. Ta ce ba wanda za a kira. Ba ta dubi Ja'afar ba, tukunya ta duba, ta ce wanda ya ɗauke mata hannu shi zai ara mata nasa.

Da ma an ɗauki hoton safiyar Juma'ar nan. Babban mutum mai shago a Kaduna, an ɗaura masa tsohon zani a ƙugu, yana zaune a kan 'yar kujera, uwarsa a gabansa da wuƙa. Shi ke damƙe lalo, ita ke yanka. Ya matse, ta ce bai matse ba. Ya ƙara matsewa, ta ce ba wuyan ɓarawo ba ne. Kuɓewa ta yi masa yauƙi ta riƙa tsere masa. Attarugu ya sa shi atishawa, ya manta ya shafa ido, sai da na kawo masa madara. Da aka zo kan kaji ya ce a bar masa wuƙar ya yi da kansa, bai gama ta farko ba ya yanke yatsa. Na ɗaure masa, ya koma ya zauna, don shi ma yana da taurin kan gidan. Kwanon ganye bai kai rabi ba bayansa ya fara ciwo. Ya share zufa ya tambaye ta wa ke yi mata wannan duk mako. Ta nuna almakashin da haɓa. Bai yarda ba. Ya biyo ni bakin ƙofa ya tambaye ni a ɓoye, ni kuwa da ma na cika na batse, na zazzage masa komai, tun daga katakona har kazar da ya yi mini godiya a kanta.

Da ƙyar aka sauke kafin a taso daga masallaci. Ɗalibai suka cika falo har bakin matakala, kamar kullum, kowa da Mama a bakinsa. Wani ya kawo mata labarin ya ci jarrabawa, wani ya kawo ƙarar abokin ɗakinsa, wata sabuwar zuwa ta sa loma ɗaya ta fashe da kuka don ta tuna gida, Mama ta zaunar da ita kusa da ita ta ƙara mata nama. Ja'afar yana gefe da faranti yana kallo. Sai Sagiru, wanda bai san abin da ya faru ba, ya ɗago ganye daga miya ya duba, ya ce yau ba yankan Mama ba ne, wannan ai faci-faci ne, ko telan ya yi tafiya. Aka yi dariya, aka shiga tambayar ina almakashi. Wani ya ba da labarin ranar da ta gama da kajin walimar wani ita kaɗai. Ja'afar ya sunkuyar da kai ya sa hannun da aka ɗaure a ƙarƙashin faranti.

Bayan la'asar aka watse. Ina wanke-wanke, kuma ba zan yi ƙarya ba, na rage gudun famfo don in ji. Ya durƙusa kusa da kujerarta ya ba ta haƙuri a kan almakashin. Ta ce abin ya wuce. Sannan ya ce, murya a ƙasa, ɗakin fa ya riga ya gina, kuma tsoro yake ji kada wata rana a bugo masa waya yana can nesa. Wannan gaskiya ce, kuma ta san gaskiya ce. Ta ce ta ji, Allah ya yi masa albarka, kuma ranar da hannun dama ya bi ɗan'uwansa, ita da kanta za ta sa a kira shi. Sannan ta yi abin da ban taɓa ganin ta yi ba, ta dube shi ido cikin ido.

"Almakashin nan da ka tambaya, da an gaya maka. Ni ina da baki. Kafin ka ɗauke ni ka kai ni gyara, ka tambaye ni ko na karye."

Na ji ya ja hanci, sai na ƙara gudun famfon.

Ranar Asabar shi ya riƙe ledar fatar kaza har kantin Ustaz Bakri, wanda yana hango mu ya fara shimfiɗa jarida a kan teburinsa. Ba ta yarda an naɗe mata irin na da haka kawai ba, sai da ta sake gwadawa tun daga farko, fata, ƙashi, kuɓewa. Ja'afar ya karɓa ya raba shi ya haɗa, ya sake rabawa, yana girgiza kai. Da muka dawo gida ta kifa kaza a faranti, ta ajiye hannun hagu a gefe ya tare farantin, ta gama da ita tana ba shi labarin ranar sunansa a Funtuwa, yadda ragon ya tsinke igiya ya shige gidan liman. Bai taɓa jin labarin ba. Ni na ji shi ya fi a ƙirga.

Akwatunan nan ba su koma wayam ba. Ta cika ɗaya da dabino da turare da jallabiyoyin jikoki, ɗaya kuma ta ce ya bar shi, duk ɗalibin da zai dawo daga hutu a aiko shi da shi cike da kuka da daddawa. Yana bakin ƙofa zai sauka ta kira shi da kai, ta miƙa masa tsohon almakashin a naɗe cikin ƙyalle. Ta ce ya kai wa matarsa ta riƙa yanka atamfa, tunda yanzu ya zama na tela. Ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihun gaba.

Ta tsaya a taga har motar ta sha kwana, tana goge ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin titi ne. Sannan ta juya ta tambaye ni ko mai lalo ya fito, don Juma'ar da ta wuce an ci mutuncin miyarta a gaban jama'a, kuma ba za ta bari a sake ba.